Igiyar Aurena Ta Ƙarshe Tana Rataye A Jikin Fitilar Ƙofar Gida

Assalamu alaikum Admin da 'yan'uwa na wannan zaure, Allah ya bar mu tare. Admin don girman Allah ka sakaya sunana kafin ka ɗora, domin garin nan namu na Lafia in ka yi atishawa a Bukan Sidi sai an amsa maka a cikin kasuwa. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku daure ku karanta har ƙarshe kafin ku fara zagina, na san halin wasunku. Maganar a kan fitila ce, fitila dai wadda kuka sani, amma zuwa yau ta karya hannun mutum ɗaya, ta fasa kan wani, ta kwantar da tsohuwa, kuma aurena a jikinta yake rataye.

Ni matar aure ce da 'ya'ya uku. Maigidana yana harkar riɗi da agushi, yana bin kasuwannin Obi da ƙauyukan can yana saye yana lodawa. Bai rage ni da komai ba, wannan kam ko a gaban Allah zan shaide shi, sai dai zuciyarsa a kusa take, ni ma kuma ba kanwar lasa ba ce, in aka ce min kule sai na ce cas. Sau biyu muna rabuwa a kan abin da bai taka kara ya karya ba, manya suna shiga ana mayar da mu. Igiya ɗaya ce ta rage tsakaninmu, ku riƙe wannan a ranku don za mu dawo kanta.

Gidan da muke ciki filin gado ne. Da mahaifinsu ya rasu aka raba biyu, wansa da muke kira Yaya Babba ya zauna a tsohon gidan tare da mahaifiyarsu Hajiya, maigidana ya ɗauki kangon da ke gefe ya yi gini, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Yaya Babba tsohon malamin firamare ne, ya yi ritaya ya koma noman doya. Ban taɓa ganin mutum mai kunya da kawaici irinsa ba, in magana ta yi masa nauyi sai ya ɗauke ta ya zagaya da ita ta bayan gari, kafin ta iso gare ka ta zama wata maganar daban. Matarsa 'yar Keana ce, yara suke ce mata Maman Keana har sunan ya bi ta, duk sanda ta je gida sai ta kawo min gishirin can a ƙunshe. Babban ɗansu zan kira shi Nura, yana tuƙa keke napep, sai ƙanwarsa da zan kira Ummi, ta gama makaranta, an sa ranar bikinta ƙarshen watan nan. Ba sunayensu ke nan ba.

Da aka gama gininmu maigidana ya ce cikin gida nawa ne, in je in zaɓi fitilun da nake so. Wallahi ko kayan ɗakina ban zaɓa da zumuɗi irin wannan ba. Na shige shagon wani mai kayan wuta na sa shi ya yi ta kunna min ɗaya bayan ɗaya har ya fara haɗa rai. Kicin na sa farin ƙwai mai ƙarfi, saboda a gidan haya na gaji da tsintar shinkafa da tocilan a hammata. Ɗakin barci na sa mai ruwan ɗorawa mai laushi wanda ba ya dukan ido, ɗakin yara na sa masu riƙe caji ko an ɗauke wuta don kada su samu hujjar ƙin karatu. A falo ne muka ɗan taɓa da maigida, shi yana son irin mai kala-kala ɗin nan da ke zagaye silin yana ƙyafta ido, ja ya koma shuɗi shuɗi ya koma kore, na ce masa ni ba a gidan rawa zan zauna ba. Muka sasanta a kan mai reto guda a tsakiya da ƙanana a kusurwa. Ranar da Hajiya ta shigo ta sa albarka, ta leƙa kicin ta ce to amarya kin tona wa kanki asiri, da wannan haske ba ki da inda za ki ɓoye tukunyar jiya, muka yi ta dariya. Waje kuwa babu wanda ya damu da shi, ɗan ƙwai ɗaya aka maƙala a saman get, in an ɗauke wuta shi ma ya tafi.

Wannan sakacin ne ya ja min. Wata rana na dawo daga barka bayan magariba, an ɗauke wuta, lungunmu baƙi ƙirin, ina tsaye a ƙofar gidana ina haska makulli da waya sai ga wasu yara biyu a kan mashin. Na bayan ya cafki wayar, ni kuma da taurin kaina na ƙi saki, sai kawai na ji wani sanyi ya bi min hannu. Ashe wuƙa ya ja min tun daga wuyan hannu har kusa da gwiwar hannu. Na ga naman jikina fari kafin jini ya rufe shi. Ihuna ne ya fito da Nura, shi ya ɗaure min hannun da rigarsa, ya sa ni a kekensa ya kai ni asibiti yana ta cewa Anti kar ki rufe ido, Anti yi min magana. Maman Keana ce ta yi jinyata, Ummi ce ta riƙa yi min wanka da kitso har aka cire ɗinki. Na faɗi wannan ne don ku san ba da gaba muka fara ba.

Tun daga ranar in rana ta faɗi, ko buta aka ture a tsakar gida sai na zabura. Hannun bai gama warkewa ba na koma shagon nan na ce ina son fitilar waje ta sola wadda ba ruwanta da ɗauke wuta. Ya nuna min ƙanana na jikin bango masu kallon ƙasa, ya nuna min masu kamawa sai in mutum ya gifta, duk na ce ba su yi min ba. Sai ya jawo wata ƙatuwa mai faɗin faranti, irin ta bakin titi, ya ce da Hausarsa mai gauraye da Turanci, "Madam, wannan ko kiyashi ya wuce za ka gan shi, ɓarawo no go near." Na ce ita nake so. Maigidana ma sai da ya ce anya ba ta yi yawa ba, na ɗaga masa hannuna mai ɗinki, ya ce to a kafa ta. Aka kafa mata dogon turken ƙarfe a kusurwar da katangarmu ta haɗu da ta Yaya Babba, don ta kama get da lungun gaba ɗaya. Ba ta da makunni a bango, da zarar rana ta faɗi take kunna kanta, sai gari ya waye ta mutu. Ranar farko da ta kama har 'yan layi suka fito kallo, ni kuwa ranar na fara barci mai daɗi tun bayan abin da ya same ni.

Ba a jima ba saƙo ya fara zuwa daga gidan Yaya Babba. Na farko Maman Keana ce ta shigo tana ta kame-kame, wai fitilar tana tara musu ƙwari a tsakar gida. Na ce ai mu ma tana tara mana, a sa maganin feshi. Bayan nan Yaya Babba ya tare maigidana a ƙofar masallaci, ya yi ta zagaye-zagaye har ya ƙare da cewa kajinsa ba sa samun barci, zakara yana cara ba a kan lokaci ba. Maigidana ya dawo yana dariya har da riƙe ciki. Na uku aka ce hasken yana damun idon Hajiya, da na je gaishe ta na tambaye ta, ta ce ita idonta lafiya lau, da isha'i ma take shigewa ɗaki. A nan ne na yanke hukunci a raina cewa hassada ce kawai, ƙane ya yi gini mai silin da tayil, wa yana cikin ginin ubansa. Kuma ban bar ta a raina ba, na faɗa a gaban mai yi min wanki cewa wanda ya saba da duhu dole haske ya yi masa ciwo. Kafin la'asar maganar ta tsallaka katanga.

Kwana kaɗan bayan haka muna cin abinci muka ji tass, gilashi ya tarwatse a tsakar gida, lungu ya koma duhu. Dutse ne aka jefa daga ɓangarensu, ƙaton gaske, da ya sauka a kan yaro da sai dai wani labarin. Maigidana ya fita da taɓarya yana zage-zage, babu wanda ya leƙo. Da safe ya je ya sayo wata irinta, ya kira mai walda ya ƙera mata keji na rodi, ya kuma sa aka ƙara wa turken tsawo. Ni har da tsayawa ina nuna wa mai waldan inda zai ƙara ƙarfe. Daga nan gaisuwa ta yanke, gishirin Keana ya daina zuwa, Ummi ta daina shigowa. Na hango ta sau ɗaya a bakin famfo ta rame ta yi zuru-zuru, na ce a raina zullumin aure ne.

Ranar da abin ya ɓaci wata Juma'a ce gab da magariba. Nura ya jingina tsani a jikin turken ya hau da guduma, a gaban kowa, ko ɓoyewa bai yi ba, yana dukan kejin nan kamar wanda ya samu taɓin hankali. Ni ce na fara fita, na ce masa ya sauko, ya ce wallahi Anti yau ko ni ko fitilar nan. Ana cikin haka maigidana ya dawo daga Obi, ko mota bai gama kashewa ba ya fito, ya sa ƙafa ya hankaɗe tsanin. Yaron nan ya faɗo a kan bulon da aka tara a gefe, na ji ƙarar ƙashin da kunnena. Hannunsa ya lanƙwashe ta inda hannu ba ya lanƙwasa. Amma a haka ya miƙe, ya ɗauki ɓarin bulo da ɗaya hannun ya rotsa wa ƙanin ubansa kai. Jini ya wanke wa maigidana fuska har ba a ganin idonsa, ya shaƙe yaron suka zube ƙasa suna birgima a cikin kwata.

Maman Keana ta fito ba ko ɗankwali, ta ga ɗanta a ƙasa, ta yo kaina ta damƙi daidai tabon hannuna ta murɗe. Zafin da na ji ya ɗauke min hankali, muciya ce a hannuna don tuwo nake tuƙawa, na ɗaga na sauke mata a baki. Leɓenta ya fashe, haƙorinta na gaba ya girgiɗe. Matar da ta yi min jinya. Da ƙyar 'yan layi da masu zuwa masallaci suka raba mu. Sai ga Yaya Babba ya fito da carbinsa, mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ya dubi hannun ɗansa, ya taka har gaban ƙaninsa ya wanke shi da mari a bainar jama'a. Ya buɗe baki kamar zai faɗi wani abu, sai kuma ya juya ya shige gida. Ana wannan tashin hankalin rana ta ƙarasa faɗuwa, fitilar ta kunna kanta a kanmu, kowa ya ga kowa da jininsa.

Da muka dawo daga ɗinkin kai na ga abin ya wuce wasa, na lallaɓa na ce masa ko dai a ɗan sunkuyar da kan fitilar ta kalli ƙasa, ko a canja ta da ƙarama, tunda an fara zubar da jini. Kamar na zuba wa wuta fetur. Ya ce ni na kawo fitilar, ni na ce hassada ce, yanzu da aka fasa masa kai aka mare shi a gaban yaran unguwa nake so ya sauke don a ce an fi ƙarfinsa. Ni ma bakina bai mutu ba na mayar masa, magana ta yi tsawo, ƙarshe ya dube ni da bandeji a kai ya ce, "Duk ranar da fitilar nan ta mutu ko ta sauya kallo ta hannunki ko da sa bakinki, a bakin aurenki." A gaban wata ƙanwarsa da ta zo duba shi ya faɗa, ba zai iya cewa bai faɗa ba.

Hajiya kuwa tun daren faɗan jininta ya hau, ta kwanta, ɓarin jikinta ɗaya ya yi nauyi. Duk gabar da ake yi ba zan ƙi zuwa duba uwar mijina ba, na dama kunu na shiga da yamma. Babu wanda ya amsa sallamata sai Ummi, ita ma ciki-ciki. Na zauna wurin Hajiya har aka fara kiran magariba, na ɗauki buta na nufi bayi don in kama ruwa in yi alwala. Bayin tsohon gidan irin na da ne, katanga ce kawai aka zagaye babu rufi, a can ƙuryar gida. Na lura Ummi ta miƙe kamar za ta tsayar da ni, uwarta ta riƙe mata hannu. Na shiga da ɗan duhun magariba, na rataye hijabina, na kwance zani ke nan fitilata ta kama.

'Yan'uwa, wallahi rana tsaka ba ta kai wurin nan haske ba. Har tsagar da ke jikin siminti ina gani. Kafin in gama razana sai na ji fito daga sama, wani ya ce da ƙarfi, "Kai ku zo, yau sabon fuska ne!" aka fashe da dariya. Na ɗaga kai. Bayan gidan Yaya Babba akwai wani bene na haya da samari 'yan makaranta suke zama, barandar samansa tana kallon cikin bayin nan kai tsaye. Daga gidana ba a ganin wannan ɓangaren, shekara nawa ina unguwar ban taɓa kawo shi a raina ba. Ban san yadda na ja zanina na fito ba, butar ma a can na bar ta. Na je na tsuguna a bakin ɗakin Hajiya.

Maman Keana ta zo ta tsaya a kaina da kumburarren leɓe. Ita Hausarta kowa kai take ce masa, mace ko namiji. Ta ce, "Amarya, ka gani yanzu ko? Kai sau ɗaya ne. Yarinyana fa?" Sai ta zauna a ƙasa ta faɗa min komai tana kuka. Tun da aka gina benen nan matan gidan suka daina shiga wanka da rana, sai duhun magariba ko kafin asuba, duhun shi ne rufinsu, da shi suka yi shekaru suna rufa wa kansu asiri babu wanda ya sani. Lokacin zafi ma a tsakar gida suke shimfiɗa tabarma da ɗaurin ƙirji. Ranar da na kunna fitilata 'yan layi suna tafi, ranar Ummi tana cikin bayi, aka yi mata fito aka kira kalar zaninta. Tun daga nan a cikin ɗaki take wanka a baho kamar mai jego, in ta matsu da rana sai ta riƙe har mararta ta yi ciwo. Sun gwada ɗaura tamfol, iskar ruwan farko ta yaga shi. Nura ya ji abin da aka yi wa ƙanwarsa, ya ɗauki adda zai hau benen, ubansa ya tare ƙofa ya ce in ya je gobe duk Lafia ta ji, har dangin mijin da za ta aura. Shi ne Nura ya huce a kan fitila.

Na ce don Allah me ya hana ku faɗa tun farko, me ya kawo zancen ƙwari da kaji? Ta ce, "Babansu zai buɗe baki ya gaya ma ƙaninsa an ga tsiraicin yarinyansa? Ya ce gara ya mutu. Ya ce ɗan'uwa na kirki in an ce masa kaji, zai gane ba kaji ba ne." Daga nan ta kama hannuna, wannan dai mai tabon, ta haɗa ni da Allah kada in gaya wa maigidana. Ta ce in ya ji, da zuciyar nan tasa benen zai hau ya yi ta ihu, magana ta fita, auren Ummi ya lalace, kuma Yaya Babba ya rantse duk wanda ya fitar da zancen daga gidan ya bar masa gida, ita ce farko. Na ce to bari in sayo kwano a rufe bayin a ɓoye, ta ce ranar da kwano ya shigo ranar zai san ta yi magana, kuma shi ya ce ba zai rufe saman gidan ubansa saboda fitilar ƙaninsa ba, wanda ya kawo hasken shi zai ɗauke abinsa. Cikin kuka da ruɗewa na yi mata alkawari. Ummi tana bakin ƙofa duk tana ji, ko sau ɗaya ba ta ɗago ta kalle ni ba.

Tun daga ranar ba ni da sukuni. Na bi ta hannun mai unguwa, ya kira su biyun, Yaya Babba ya sake maimaita zancen kaji, maigidana ya ce in kaji ne matsalar a yanka su zai saya, aka tashi baram-baram. Na ce wa maigida ni yanzu tsoron ya sake ni, ƙananan fitilun bango masu kallon ƙasa ma sun ishe mu, ya ce in tuna abin da ya faɗa kafin in ƙara furta kalma ɗaya. Kuma in faɗa muku gaskiya ƙarya na yi masa, tsoron bai sake ni ba, har yanzu in na tuna lungun nan da duhu sai tabona ya riƙa min ƙaiƙayi. Ban yarda na yi laifi don na nemi haske a ƙofar gidana bayan an yanka ni kamar akuya ba. Amma na tsaya a cikin bayin nan, na san abin da na ji.

Abin da ya sa na rubuto yau shi ne biki ya matso. Mata za su cika gidan daga Keana da Obi, tsofaffi da 'yanmata, duk bayin nan guda za su shiga, ba wanda zai iya ce musu ku yi wanka a baho. Nura yana zaune da hannu a ɗaure da karan ɗori, ko keke ba ya iya tuƙawa, amma ya aiko min ta bakin uwarsa cewa kafin baƙo na farko ya sauka fitilar za ta sauka, ko da gawarsa za a ɗauke a gindin turken. An ce ya yi magana da abokansa 'yan tasha. Maigidana shi ma ya ji ƙishin-ƙishin, ya ɗauko 'yan sintiri biyu suna zama a get da gora da adda, shi kansa ya ajiye wata sabuwar adda a bayan ƙofar falo, falon nan da muka yi rigima a kan fitilarsa muna dariya. Ranar nan na ga yana wasa ta a bakin rijiya. Wannan karon ba hannu za a karya ba, kuma duk wanda ya faɗi a cikinsu jinin Hajiya ne.

Shekaranjiya ina gyaran sito na ci karo da kwalin sabuwar fitilar, ashe akwai ɗan rimot a ciki da ko ledarsa ba a cire ba, maigida bai ma san da shi ba. Na karanta jikinsa, maɓalli ɗaya ne zai kashe ta gaba ɗaya. Tun ranar na ɓoye shi a cikin lalitata. In na danna, Ummi za ta yi wankan aurenta cikin sutura, Nura ba shi da dalilin zuwa gindin turke, ni kuma na kashe ta da hannuna, igiyata ta ƙarshe ta tsinke, in bar 'ya'ya uku. Na yi tunanin in danna in yi shiru a ce lalacewa ta yi, to ko shi bai sani ba Allah ya sani, zaman me zan ci gaba da yi da shi bayan nan? Kuma da safe zai sayo wata. In na gaya masa gaskiya na ci amanar matar da na riga na fasa wa baki, wataƙila in kashe aurenta da na 'yarta a rana ɗaya. In na yi shiru kuma ina ji ina gani za a yi kisa a ƙofar gidana.

Malaman da ke cikin zauren nan, don Allah wannan furucin nasa saki ne tabbas in na danna, ko akwai mafita tunda cikin fushi ya yi shi da rauni a kai? Alkawarin da na yi wa Maman Keana ya halatta in karya shi don tsare rai? Iyaye mata, ku da kuka san halin maza, in zan faɗa masa ta yaya zan faɗa ya tsaya a kan fitila bai hau bene ba? Ko in tsallake kowa in je in durƙusa gaban Yaya Babba in ce masa na shiga bayinsa da magariba, ya san na sani, in bar kunyar ta kashe mu mu biyu? Masu cewa in kai wa Hajiya, ku sani ko magana ba ta iya yi sosai yanzu.

Don Allah kada ku ce min in yi haƙuri in yi addu'a kawai, ina yi, amma biki saura 'yan kwanaki. Ina rubuta wannan ne a tsakar gida, rana ta yi ja, 'yan sintiri sun iso ina jin suna jan benci a get, ta bayan katanga kuma ina jin ƙarar bokiti, wata a gidan tana sauri ta ɗebi ruwa ta shige ɗaki kafin fitilata ta kama. Rimot ɗin yana kan cinyata. Ku gaya min, in danna ko in buɗe baki?